Gidajen da muka gina a Arewa muka kulle: ajiya ce ko asara?



Akwai wata magana da ke dawowa gaban ƙungiya kusan duk shekara bayan Babbar Sallah, lokacin da waɗanda suka je gida suka dawo bakin nema. Wani ya tarar rufi ya yi yoyo har silin ya rufto kan gado. Wani ya tarar an zare wayoyin wuta daga bango, an cire famfuna, har ƙofar banɗaki an ɓalle. Wani kuma rigima ya tarar: ɗan uwan da ya bar wa makulli ya zuba 'yan haya yana karɓar kuɗi, ba wanda ya gaya masa. Duk maganar ɗaya ce, wato gidajen da muke ginawa a garuruwanmu da gumin da muka yi a nan Kudu, mu sa kwaɗo mu dawo, ba ma kwana a cikinsu sai mako biyu ko uku a shekara.

Ra'ayinmu a kan wannan shi ne, kwaɗo ba ya tsare gida. Gidan da ba kowa a ciki lalacewa yake yi, kuma sau da yawa ya fi wanda ake zaune a ciki saurin lalacewa. Duk wanda ya gina gida a Arewa alhali yana zaune a nan, abu uku suka wajaba a kansa: ya sa mutum a wani sashe na gidan bisa yarjejeniya a rubuce, ya naɗa wakili ɗaya tak da zai riƙa duba shi, sannan ya ware kuɗin gyara duk shekara kamar yadda yake ware kuɗin makarantar yara. Wanda ba zai iya waɗannan ba, gara ya sake tunani a kan irin ginin da zai yi tun kafin ya sayi bulo.

Me ya sa muke ginawa?

Kada wani ya ɗauka muna zargin masu gini a gida ne. Dalilanmu masu ƙarfi ne. Hausawa sun daɗe a ƙasar Yarbawa, Sabon Ibadan kaɗai tun 1916 aka kafa ta, kuma a Agege akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su. Duk da haka wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ya san akwai ranar da mutum zai buƙaci inda zai sauke iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022 ma, samarinmu da dama gida suka nufa. Ga tsufa, ga aurar da 'ya'ya mata, ga rashin lafiya mai tsawo da ke sa mutum ya ce a mai da shi cikin danginsa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To amma wannan dalilin shi ne ma ya sa maganar ta zama babba. Idan gida mafaka ce ta ranar tsanani, dole ya kasance ana iya shiga a kwana a ranar da aka iso. Mutum ya kwaso mata da yara ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin tashin hankali, ya iso ya tarar ɗaki ba rufi, rijiya ta rufta, masai ya cika da macizai, ina amfanin kuɗin da ya zuba? Zai koma ɗakin mahaifiyarsa ne ko gidan surukai, abin da ya yi shekara 15 yana nema don ya guje masa.

Abin da damina ke yi wa gidan da ba kowa

Yawancinmu da Sallah muke zuwa. A 2024 da 2025 Babbar Sallah cikin watan Yuni ta faɗo, kuma tana matsowa gaba da kimanin kwana 11 duk shekara. Ma'ana muna kulle gida mu taho daidai lokacin da damina take kankama. Ruwan Yuli da na Agusta, wanda ya fi kowane yawa, gidan shi kaɗai zai sha, mu kuma ba za mu sake ganinsa ba sai an shiga wata shekara.

Ɓarnar damina ƙarama take farawa. Iskar farkon damina, wadda kan taho da ƙura da ƙarfi, ta sassauta ƙusa biyu a jikin kwano. Idan da mutum a gidan, zai ji ƙarar kwanon da dare, gari na wayewa ya kira kafinta, a gama da kuɗin da bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Idan ba kowa, ruwa zai riƙa ɗiga kan katakon rufi wata uku. Katako ya jiƙe, gara kuma danshi take bi. Kafin shekara ta zagayo ta cinye katakon, ta sauko kan firam ɗin ƙofa, ta shiga kabad da akwatin tufafi. Silin ya sha ruwa ya yi nauyi ya faɗo. Aikin ƙusa biyu ya koma sauya rabin rufi.

Haka maganar magudanar ruwa. Ledoji da yashi su toshe kwatar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida, ruwa ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki. Daga nan rima take hawa, fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba, katanga ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a gidan da ba kowa, ƙadangare shi ne mafi sauƙin abin da zai shiga. Masu gidan ƙasa kuwa nasu ya fi gaggawa, domin gidan ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin ruwa ya sauka. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta kan soro, azara ta ruɓe, ɗaki ya zauna a dare ɗaya.

Ko rufi lafiya yake, ɗakin da aka rufe ruf wata goma ba iska yana yin fumfuna. Katifa da darduma su yi wari, littattafai su manne. Ruwan da ke tsayawa a wuyan masai na zamani, wanda shi ke tare wari da kyankyaso, ya bushe. Bayan damina ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida, ɓeraye su zo, macizai su biyo ɓeraye. Hunturu ya shigo ciyawar ta bushe, yaro ɗaya ya kunna wa bola wuta a bayan katanga ya isa.

Waɗanda gidajensu ke kwari ko kusa da kogi su tuna ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa da wasu jihohi, da ta Maiduguri a Satumbar 2024 bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau. A irin wannan rana wanda ke cikin gida yana iya ɗaga kaya ko ya tsira da takardu. Gidan da ke kulle sai abin da ruwa ya bari.

Abin da mutane ke yi masa

Ɓarawon yanzu ba talabijin kaɗai yake nema ba. Wayar wuta, kan famfo, murfin rijiya na ƙarfe, injin jan ruwa, batirin sola, tagar alminiyam, duk suna da kasuwa a wurin masu sayen ƙarafa. Wanda ya shiga gidan da ya tabbata ba mai zuwa sai baɗi, ba ya sauri. Yau ya ɗauki wannan, jibi ya dawo da abokinsa.

Wanda ya fi sata muni shi ne gidan ya zama matattara. Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Gusau ya san abin da ake yi a kangaye da gidajen da aka yi watsi da su: shaye-shaye, ɓoye kayan sata, lalata da yara. Ranar da jami'an tsaro suka kama wani abu a ciki, sunan mai gida za su fara tambaya, kai kuma kana Mile 12 kana sauke tumatir ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba.

A nan akwai haƙƙin maƙwabta da ba mu cika tunawa da shi ba. Macijin da ya hayayyafa a gidanka, gidan maƙwabci zai shiga. Ruwan da ya taru a tsakar gidanka, katangarsa zai jiƙa, sauron kuma 'ya'yansa zai ciza. Idan katangarka ta faɗa wa ɗan wani, ba za ka ce ai ba ka gari ba. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, kuma nisa ba ya sauke shi daga wuyan mai gida.

A sa mutum a ciki

Mafita ta farko da mutane ke kawowa ita ce maigadi. Yana da amfani, amma maigadi ƙofa yake tsarewa, ba zai hau rufi ya duba ƙusa ba. Kuma idan albashinsa yana makara wata biyu, wata uku, kamar yadda ake yi wa da yawa daga cikinsu, kai da kanka ka koya masa ya nemi wata hanyar cin abinci a cikin gidanka.

Abin da muke ganin ya fi shi ne mai gida ya ware sashe, ko ɗakunan baya, ko ɗaki da falo kusa da zaure, ya sa mai iyali. Nasa ɓangaren ya kulle, ya bar makulli ɗaya wurin wakili don a riƙa buɗewa ana shan iska. Gidan da ake shara, ake kunna fitila da dare, ake jin muryar yara, ɓarawo ba ya yi masa kallon banza, kuma duk abin da ya fara lalacewa akwai idon da zai gani da wuri.

Waɗanda za a sa ba su da wuyar samu. Akwai ƙanin da ya yi aure yana fama da kuɗin haya. Akwai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo garin. Akwai malamin Islamiyya ko na'ibin liman. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a ɗakin haya. A daidai lokacin da kuɗin haya ke korar mutane daga birane zuwa bayan gari, abin kunya ne a ce ɗakuna shida suna kulle gara na ci, ɗan uwanka na jini yana raba ɗaki ɗaya da labule. Ka tsare dukiyarka, ka samu lada, da wuya a samu ciniki irin wannan.

Mun san amsar da za a ba mu

Za a ce: “Sakatare, sa mutum a gida ba wuya, fitar da shi ne aiki.” Wannan gaskiya ce, kuma mun ga zumuncin da ya tsinke a kan haka. Mutum ya zauna shekara takwas kyauta, ran da aka ce ya tashi sai ya tara dangi, a wayi gari mai gida ne azzalumi. Wani kuma zai ce ɗan haya ba ya tausayin gida. Wani ya ce idan rikici ya tashi yau, ina zan sa iyalina alhali na ba wani?

Amsar ta ƙarshe mai sauƙi ce, shi ya sa muka ce sashe za a bayar, a bar wa mai gida nasa a shirye. Sauran biyun kuwa, idan muka bi diddigin rigingimun da aka kawo mana, kusan duk abu ɗaya ya haife su: an yi magana da baki, cikin kunya, ba shaida. “Ka zauna kawai, ai gidanka ne.” Mai gida yana nufin aro, wanda aka ba yana jin kyauta. Shekara goma bayan haka kowa ya rantse a kan abin da ya fahimta, kuma ta yiwu ba wanda ya yi ƙarya.

Rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Musulmi ake wa magana, 'yan uwan juna. Takarda ɗaya ta isa. A rubuta sunan mai gida da na wanda zai zauna, da ɗakunan da aka ba shi, da cewa aro ne ko haya. A rubuta shekara ɗaya, ana sabuntawa duk Sallah. A rubuta wata nawa za a ba shi idan ana son ya tashi, mu muna ganin wata uku adalci ne. A rubuta cewa ba zai sa wani ba, ba zai yi gini ko rushewa ba sai da izini, da wanda zai biya kuɗin wuta da na ruwa da na 'yan sintiri. Shaidu biyu su sa hannu, a kai wa mai unguwa ya gani ya buga hatimi, kowa ya riƙe kwafi.

Akwai dalilin shari'a ma da ya kamata mu sani. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci na Arewa ke aiki da shi, akwai abin da ake kira hauzi. Idan wanda ba dangi ba ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana juya shi kamar nasa, yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, ƙarar mai shi tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, kuma wanda ba ya gari yana da uzuri. Amma kai da kake zuwa duk Sallah kana gani kana shiru, yaya za ka ce ba ka sani ba? Abin da ke rushe da'awar hauzi shi ne hujjar cewa aro ko haya aka ba mutum. Takardar nan da kake jin kunyar rubutawa ita ce hujjar, kuma ta yiwu ba kai za ka buƙace ta ba, marayunka ne.

Wakili ɗaya, da kuɗin aiki a hannunsa

Kuskuren da ya yi yawa shi ne a bar wa “'yan gida” amanar gida. Abin da aka bar wa kowa, ba wanda zai yi. A zaɓi mutum ɗaya, a faɗa a gaban dangi cewa wane ne wakili. Ba dole sai babban wa ba. Wanda ke kusa da gidan, mai lokaci, mai riƙon amana, ko maƙwabci ne, ya fi ɗan uwan da ke wata unguwa mai nisa.

Aikinsa a fayyace masa. Ya shiga gidan aƙalla sau biyu a wata, da damina kuma bayan duk ruwa mai ƙarfi. Ya buɗe tagogi, ya zuba ruwa a masai, ya duba silin ko akwai tabon ruwa, ya duba gindin bango ko gara ta fara hanya. Kafin damina ya sa a hau rufi, a yashe kwata, a sare reshen da ya hau kan kwano. Bayan damina a nome ciyawa a kwashe. Yanzu waya ta sauƙaƙa komai, kiran bidiyo na minti biyar ta WhatsApp ya isa ka zaga gidanka ɗaki ɗaki kana Agege.

Mu kuma mu yi wa wakilai adalci. Da yawa daga cikinmu ba ma aika ko sisi duk shekara, sai mun je mun ga ɓarna mu hau faɗa. Mutumin da ke barin sana'arsa ya hau mashin da mansa ya je duba gidanka, ya cancanci wani abu tsayayye, ko duk wata ko duk Sallah, a faɗa masa tun farko. Kuɗin gyara kuma a tura ta banki don a samu shaida, a ga hoton wurin kafin aiki da bayan aiki, in da hali a yi magana da magini ko kafinta kai tsaye. Wannan yana kare wakilin kirki daga zargi kamar yadda yake kare mai gida daga cuta.

Ta ina kuɗin za su fito? Shawararmu, mutum ya ɗauki ribar yini ɗaya a kowane wata ya ajiye da sunan gida, ko ya shiga adashin da kwasarsa za ta faɗo a watan Afrilu, kafin ruwan farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya sa wasunmu sun rage zuwa gida, mai zuwa sau biyu ya koma sau ɗaya, wani ma sai ya tsallake shekara. Duk yadda zuwa ya ragu, haka buƙatar wakili da kuɗin gyara take ƙaruwa.

Ranar da za a kulle

Ko da mutum a wani sashe, naka ɓangaren yana son shiri. Kada a bar hatsi ko garin tuwo ko wani abin ci, shi ke kiran ɓera. A jingine katifu, a naɗe darduma a ɗora kan wani abu, kada kaya su taɓa ƙasa ko bango. A kashe wuta daga babban makunni, a cire tukunyar gas daga ɗaki. A juye man janareto, domin fetur da ya daɗe a tanki yana lalacewa ya toshe inji. Batirin sola idan aka bar shi ya mutu wata da watanni ba ya dawowa daidai, ko a bar wa na cikin gida su riƙa amfani da shi, ko a kai shi inda za a riƙa yi masa caji. A rufe famfon da ke shigo da ruwa, a rufe bakin tanki da na rijiya da murfi mai makulli saboda yara. A bar ƙananan tagogi na sama masu raga a buɗe don iska. A sa maganin gara a gindin bango da jikin katako.

Wanda ba shi da mita mai kati, ya je ofishin kamfanin wutar yankinsa, ko KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, ko na Kaduna da ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ya nemi mita, ko ya rubuta takarda a yanke masa wuta har ya dawo, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ya fi ya dawo ya tarar da takardar bashin wutar da bai sha ba.

Ƙaton kwaɗo a waje shela ce cewa ba kowa, makullin jikin ƙofa ya fi. Haka ɗora hoton sabon gida a Facebook da rubuta “mun kama hanyar Legas, sai baɗi”. Kafin a tafi a leƙa wa maƙwabta da mai unguwa a yi sallama, a bar musu lambar waya da sunan wakili, a biya kuɗin sintiri na shekara. Zumunci a ƙafa yake, kuma maƙwabcin da ka gaishe shi da ɗan goro shi zai leƙo idan ya ji motsi da tsakar dare.

Takardu da magada

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da muke da shi haƙƙin zama ne. Da yawanmu takardar ciniki kawai muke riƙe da ita, mai sa hannun dillali da mai unguwa. Tana da amfani, amma wanda ya samu hali ya nemi takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O. A Kano akwai hukumar KANGIS, a Kaduna akwai KADGIS, sauran jihohi ma suna da ma'aikatun ƙasa. Mai takardar kuma ya riƙa biyan harajin fili, kada ya taru. Fili ko gidan da mai shi ke nesa shi ne wanda 'yan damfara suka fi sayarwa sau biyu.

Kada a bar ainihin takardu a gidan da ba kowa, gara ba ta san C of O ba. A ajiye su a nan ko a wurin amintacce, a ɗauki hotonsu a waya. Mafi muhimmanci, uwargida da manyan 'ya'ya su san inda suke. Muna da yaran da aka haifa a nan, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su san sunan unguwar da gidan ubansu yake ba. Idan ta Allah ta kasance, su ne za su je su tsaya gaban baffan da ya yi shekara 20 a gidan. Ku riƙa tafiya da su, ku nuna musu iyaka, ku gabatar da su ga maƙwabta da mai unguwa tun kuna da rai.

Ga ƙannenmu 'yan ci-rani da ke komawa noma da damina, maganar ta shafe ku ta ɗaya gefen. Ɗaki ko rumfar da kuka bari a nan wata huɗu, ku sanar da mai gidan haya da shugaban layinku, ku biya haya kafin ku tafi, ku faɗi wanda kuka bar wa makulli, kada ku dawo ku tarar an fasa ƙofa an ba wani.

Tun ran gini, tun ran zane

Magana ta ƙarshe ga waɗanda ba su fara gini ba, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Wani yana zaune da mata da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu na haya a nan wata goma sha ɗaya, ya je ya gina bene a gida don wata ɗaya, saboda wane ma ya gina. Girman gida shi ne girman rufin da zai yi yoyo da yawan kuɗin da zai ci duk shekara. Gara madaidaicin gida mai sashe biyu, kowane da ƙofarsa da banɗakinsa, in wurin bakin hanya ne a fitar da shago ɗaya ko biyu. Kuɗin hayar shagon ya riƙe gyara da haƙƙin wakili, mai shagon kuma ya zama ido a ƙofar gida daga safe zuwa dare. Ragowar kuɗin a ƙara a jari ko a karatun yara.

A ɓangaren ƙungiya, za mu gabatar da shawarwari uku a taro mai zuwa. Na farko, a tanadi samfurin takardar aro da ta haya da Hausa a ofis, bayan malamai da lauya sun duba, duk mai so ya karɓa kyauta. Na biyu, 'yan gari ɗaya su haɗa kai, in mutum biyar suna da gidaje a Funtuwa ko Haɗeja ko Illela, su ɗauki wakili ɗaya su riƙa biyansa tare. Na uku, duk wanda zai je gida a tsakiyar shekara ya sanar, don ya leƙa gidajen 'yan garinsu ya kawo labari. Muna roƙon iyayenmu da suka daɗe da gidaje a Arewa su halarta, domin abin da suka gani ya fi abin da muka rubuta.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana abin da muka bari a baya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu ci moriyar guminmu cikin ƙoshin lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya